Yadda ake haɗa yaron da ya gagara da dattijon da zai riƙe shi

Kowace unguwa a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri tana da yaron da aka riga aka yanke wa hukunci. Shekarunsa tsakanin 13 da 19. Ya bar makaranta, ko yana zuwa yau gobe ba ya zuwa, yana kwana a majalisa, an fara ganin alamar ƙwaya a idonsa, kuma in abu ya ɓace sunansa ake fara kira. An yi duka, an yi rubutun sha, an kai shi gaban mai unguwa, abin sai gaba yake yi. Hanyar da za a bayyana a nan ba sabuwa ba ce: a haɗa shi da tsoho mai sana'a a hannu, a bar aiki ya ƙulla abota tsakaninsu. Sai dai haɗin yana da ƙa'idoji, kuma yawancin waɗanda suka gwada abin ya watse, a zaɓen tsohon ko a makon farko suka ɓata shi.

Dalilin da ya sa ake neman tsoho maimakon sa'an uban yaron yana cikin al'adarmu. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ɗan fari da ba a ko kiran sunansa. Uban da ɗansa ya kunyata shi a gari, da fushi yake magana, yaron kuma da kariyar kai yake saurare. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Jika na iya tsokanar kakansa ya ce ya tsufa ba ya gani, kakan ya rama, a yi dariya, a cikin dariyar a faɗi maganar da uba ba zai iya faɗa ba. Wannan gurbin na kaka ake so dattijon ya hau, ko da babu dangantakar jini. In ya koma uba na biyu, aikin ya mutu.

A fara tantance matsalar

Ba kowane yaro ba ne abota kaɗai za ta ishe shi. Kafin a tunkari wani dattijo, a zauna da wanda ya fi sanin yaron, galibi uwa ko yaya mace, a gano abu uku: yaushe canjin ya fara, me ya faru a lokacin (mutuwa, sakin uwa, kora daga makaranta, gudun hijira daga ƙauye), kuma me yake sha in yana sha.

Tambaya ta ukun ita ce mai raba hanya. Yaron da ke ɗanɗana wiwi ko sholisho jefi-jefi saboda abokai daban yake da wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi tun watan Mayun 2018 amma bai ɓace daga hannun dillalai ba. Wanda ya saba da tiramadol kullum, in ya daina farat ɗaya, cikin kwana ɗaya zuwa biyu zai fara zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin barci, abin ya yi mako ko fiye. Masu shan ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam kuma yankewa kai tsaye na iya jefa su cikin jijjiga. Irin waɗannan likita ne zai tsara yadda za su rage, tsoho ya tsaya a gefe yana rakiya. Haka yaron da ke jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa: asibiti tukuna. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato shi ne babban wurin wannan aiki a yankinmu, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na da sashen ba da shawara ban da kame.

Mari da sarƙa ba sa cikin tsarin nan ko kaɗan. Abin da aka gano a gidan marin Rigasa a Kaduna cikin Satumbar 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, ya isa ya sa kowane uba ya sake tunani kafin ya miƙa ɗansa bayan ƙyauren da ba ya iya leƙawa.

Wane dattijo?

Mutane kan garzaya wurin wanda ya fi kowa suna: babban malami, tsohon ma'aikaci mai faɗa a ji, ko attajiri. Sau da yawa ba su ne suka dace ba. Ba su da lokaci, zaurensu cike yake da mutane, kuma yaron zai shiga ne a matsayin mai laifin da aka kawo gyara. Wanda ake nema shi ne tsohon da ke da aikin hannu wanda ƙarfinsa ya fara gazawa a kai: masuncin da idonsa ya rage wajen ɗinkin homa da taru, manomin fadama da bayansa ba ya jure dashe, maƙeri mai neman mai zuga, baduku, mai gyaran keke, mai turka (kiwon dabba a turke don ta yi ƙiba). Dole buƙatarsa ta zama ta gaske. Yaran nan sun ƙware wajen gane shiri, in aikin na ƙarya ne za su sani a rana ɗaya.

A duba halinsa ta hanyar tambayar maƙwabta da tsofaffin yaran shagonsa, a bar abin da yake faɗa game da kansa. Yana dukan yara? Yana da yawan gori? Sirri na tsayawa a bakinsa, ko shi ne gidan rediyon bakin masallaci? An taɓa jin wani ƙishin-ƙishin game da shi da yara ƙanana? Wannan ta ƙarshe ba a jin kunyar yin ta. Furfura ba shaida ba ce, kuma yaron da kowa ya ɗauka maƙaryaci shi ne mafi sauƙin cuta, don in ya faɗa ba mai yarda. In akwai ko ɗan shakku, a nemi wani.

Tsohon da ya taɓa yin ƙuruciya mai zafi ya shiryu yakan fi wanda bai taɓa kuskure ba. Ba ya firgita da abin da zai ji. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a ba shi labarin yaron, a saurari jumlarsa ta farko. In ya ce "ku kawo mini shi, kwana uku zai miƙe", a yi masa godiya a wuce. In ya yi shiru ya tambayi me yaron ke so ko me ya iya, an samu mutum.

Namiji da namiji ake haɗawa, mace da mace. A ƙasar Zuru, inda gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista, a tabbata iyaye sun san addinin dattijon sun kuma amince, don kada daga baya a ce ana janye musu ɗa.

Mutum na uku da izinin iyaye

Ba a yin wannan haɗi da mutum biyu kawai. Ana buƙatar na uku mai sa ido: malamin makaranta, kawu, ladan, ko wani daga ƙungiyar unguwa. Shi ke neman izinin uba ko wanda ke riƙe da yaron, ya sanar da mai unguwa, ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako a watan farko, daga baya sau biyu a wata. Yana ganin kowannensu shi kaɗai, domin abin da yaro ba zai faɗa gaban tsoho ba zai faɗa a bayan idonsa, haka shi ma tsohon.

Wajen uba a yi hattara da lafazi. In aka ce masa "mun samo wanda zai gyara maka ɗa", an gaya masa ya kasa ke nan, kuma zai nemi hanyar rushe abin ko bai sani ba. A ce Baba wane yana neman yaron da zai kama masa aiki, an ga ɗansa ya dace. Gaskiya ce, kuma ta bar masa mutuncinsa.

Ƙa'idojin wuri a faɗe su tun farko gaban kowa: a zaure, rumfa, gona ko bakin ruwa ake haɗuwa, inda ido ke gani. Ba shiga ɗaki a rufe ƙofa, ba kwana, ba tafiya wani gari sai da sanin iyaye. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga tsohon daga ƙazafi.

Haɗuwar farko

Kada a kira taro. Kada a zaunar da yaro a tsakiya a karanta laifuffukansa. Tsohon ne zai nemi taimako, da bakinsa, a kan abu ƙarami mai ƙarewa cikin rabin sa'a: "Kai abokina, taho ka kama mini wanga igiya, hannuna ba shi da ƙarfi yanzu." In an gama ya ce Allah ya yi albarka, ya ba shi ruwa ko ɗan abin taɓawa, ya sallame shi tun bai gaji ba. Ba tambayar salla, ba zancen aski ko wandon da ya zazzago. Ya ce masa jibi akwai wani aikin in yana da sarari.

Mai yiwuwa ba zai zo jibin ba. Wannan ba ƙi ba ne, gwaji ne: yana so ya ga ko za a kai ƙararsa. Tsohon ya bari su haɗu a hanya ya tsokane shi: "Ka gudu ka bar tsoho da aiki, to na gama babu kai." Sai ya sake gayyata. A ba wannan mataki mako uku zuwa huɗu kafin a ce haɗin bai yi ba.

Aikin da ke riƙe su

Aikin da ya fi dacewa shi ne mai farko da ƙarshe, mai buƙatar zuwa a kai a kai, wanda kuma yaron ke da rabo a cikinsa. Turkar rago ta cika duka ukun. A sayi rago matsakaici wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Salla, a ɗaure shi a gidan tsohon, kada a kai gidan su yaron, don turken ne dalilin zuwansa safe da yamma. A makon farko a kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki. Rago irin wannan na cin kimanin kilo 1 zuwa 1 da rabi na busasshen abinci a rana, harawa da kowar wake da dusa, a raba biyu, da ruwa mai tsabta da ɗan kanwa. Kuskuren da yara ke yi shi ne cika masa dusa ko hatsi lokaci ɗaya don ya yi saurin ƙiba, sai ciki ya kumbura, wani lokaci a rasa dabbar. A riƙa ƙara dusar kaɗan-kaɗan cikin kwana goma. Tun ranar saye a yanke rabon riba gaban mutum na uku, misali kashi ɗaya cikin uku na yaron, a rubuta. Amfanin turka a nan shi ne rago ba ya karɓar uzuri. In yaron ya kwana a majalisa bai zo ba, kukan yunwar dabbar zai tarar, ba sai kowa ya yi masa faɗa ba.

A garuruwan fadama irin su Argungu, Suru da Bunza, noman rani na shinkafa na yin wannan aiki. A ware wa yaron fangali biyu ko uku a gefen gonar tsohon, a ce nasa ne. Iri kamar Faro 44 na ɗaukar kusan wata huɗu, ana cire dashe yana da kimanin kwana 21, a dasa da tazarar santimita 20. Akwai ban ruwa, cire ciyawa, zuba taki, korar tsuntsu, kowanne da lokacinsa, don haka zango ɗaya ya isa a ga ko abotar ta kama. A Aliero albasa ce za ta maye gurbin shinkafa. Abu ɗaya: maganin feshi da fiya-fiya su zauna a kulle wurin tsohon, kada a bar su hannun yaron da ransa ke ɓace.

Kamun kifi ma yana yi, musamman gyaran raga, domin zama ne na sa'o'i kafaɗa da kafaɗa, ido na kan zare, kuma yaro ya fi buɗe baki in ba a kallon fuskarsa. Amma kada a sa shi cikin jirgi sai an tabbatar ya iya ruwa kuma ba a buge yake ba. Mutanen Yawuri da Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba.

In yaron na makaranta, aikin ya koma bayan la'asar da ranakun hutu. Ba a cire yaro daga aji don a kai shi gona, kuma ba a mai da shi ɗan ƙwadago kyauta. Sa'a biyu, sau biyu ko uku a mako, ta wadatar in ba turka ake yi ba.

Tsawon lokaci ya fi yawan sa'o'i muhimmanci. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 kan yara sama da 1,000 na shirin Big Brothers Big Sisters, mai haɗa yaro da babban da zai riƙa kula da shi, ya nuna waɗanda haɗinsu ya kai shekara ko fiye su suka fi amfana, waɗanda nasu ya watse kafin wata uku kuwa sun koma baya wajen ganin ƙimar kansu. Wato haɗin da za a yanke da wuri gara ba a fara shi ba. Saboda haka a nemi alkawarin shekara ɗaya daga dattijon, a kuma tambaye shi ko yana da niyyar doguwar tafiya ko ƙaura.

Yaushe ake nasiha?

Nan tsofaffi suka fi faɗuwa. Bakinsu cike yake da nasiha, kuma sun saba ana saurarensu. A watan farko babu ita sam. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa "don me ka yi kaza" ko "don me ba ka yi kaza ba". A tuna wa dattijon wannan hadisi, ya fi kowace doka da za a kafa masa tasiri. In lokacin salla ya yi, ya tashi ya yi alwala ya bar buta da ruwa a kusa. Yau yaron zai zauna, wata rana zai ɗauka.

Gyara a kan aiki halal ne tun ranar farko: wannan ƙulli bai yi ba, sake. Yaro na karɓar irin wannan saboda ba halinsa ake taɓawa ba. Maganar rayuwa kuma shi zai kawo ta, yawanci a karkace: "Baba, wani abokina ne ya ce..." Tsohon ya amsa kamar abokin ake nufi, kada ya ce "kai ne dai". Labarin kuskuren da shi kansa ya yi a ƙuruciya ya fi wa'azi shiga, in dai bai mai da shi abin alfahari ba.

Sirri ana riƙe shi, amma yana da iyaka, kuma a gaya wa yaron iyakar tun kafin ya fara faɗa. Abu uku ba a ɓoyewa: in zai cutar da kansa, in zai cutar da wani, in wani na cutar da shi. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga a ƙara na huɗu: in wani ya fara ba shi kuɗi don ya kai mai, abinci ko labari daji. Wannan ya wuce tsoho shi kaɗai, a sanar da mutum na uku a ranar.

Kuɗi

Kada a saba masa da kuɗi a hannu kowace zuwa. Zai koma zuwa don kuɗin, kuma in yana shaye-shaye dillali ake yi wa aiki. Abinci, sabulu, takalmi, kuɗin jarrabawa da za a biya kai tsaye, duk suna yi. Rabonsa na riba ya zauna wurin mutum na uku, a ba shi kaɗan ya ji daɗin guminsa, sauran a juya shi cikin wata dabbar ko kayan aiki da shawararsa. Shi ma dattijon ba a sa masa albashi, don da an fara biya sai ya koma mai gadi. Alheri lokacin azumi ko salla ya isa.

Inda abin ke lalacewa

Sata ta farko kusan tabbas ce, don haka a shirya mata. Tsohon ya ɗauke waya da kuɗi daga inda ido ke gani tun farko. In abu ya ɓace, ya yi maganar su biyu, ba tare da rantsarwa ko tara jama'a ba: abu kaza ya ɓace, ina son ya dawo, gobe kuma ina jiranka wurin aiki. A biya ta hanyar cirewa daga rabo. Korar yaro a kan satar farko na tabbatar masa da abin da ya riga ya yarda da shi game da kansa. In ta maimaitu sau uku, ko ta haɗa da barazana, mutum na uku ya shigo a sake lissafi.

Komawa shaye-shaye bayan an ɗan samu sauƙi shi ma yana faruwa, galibi lokacin biki, salla ko kakar siyasa da ƙwaya ke yawo kyauta. Haɗarin a nan shi ne jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba, abin da yake sha da ya zauna lafiya yanzu na iya kashe shi. In ya zo a buge, ba aiki ranar, ba faɗa, a zaunar da shi a inuwa a sa ido. In ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. In numfashinsa ya yi ƙasa ko ba ya farkawa, asibiti nan take.

Sai bakin mutane. Za a ce tsoho ya rasa abokin zama sai ɗan ƙwaya, iyalinsa ma na iya tayar da hankali don tsoron a lalata musu yara ko a yi musu sata. Shi ya sa ake shawartar matar gidan da manyan 'ya'yansa kafin a fara, kuma shi ya sa sanin mai unguwa ke da amfani. 'Yan majalisarsu kuma za su yi masa dariya, su kira shi yaron tsoho. Kada a ce ya rabu da su, ba zai yi ba, kuma hani na ƙara musu daraja a idonsa. Aikin ne zai cinye lokacin a hankali. In ya zo da aboki ɗaya a karɓa, in suka zama huɗu an mai da zauren tsoho majalisa, a rage.

Ga 'yan mata tsarin ɗaya ne, sai dai abin da ake kira gagara a wurinsu sau da yawa yana da tushe a talla, auren da ba ta so, ko wani babba da ke lalata da ita, don haka tantancewar farko ta fi nauyi. Tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, turara shinkafa, saƙa ko kitso ta dace, a cikin gida inda wasu mata ke nan, kuma kada aikin ya zama ƙarin tallan da za a tura ta tasha.

Tsufa kuma yana da nasa hukunci. Mutumin da ya haura 70 na iya kwanciya ciwo ko ya rasu a tsakiyar tafiya, kuma yaron da ya fara dogara da shi na iya rushewa fiye da da. Tun wata na uku a fara gabatar da shi ga dattijo na biyu, abokin sana'ar na farkon, ko da gaisuwa ce da aike. In ciwo ya zo kada a hana shi dubiya, a ba shi aiki: ɗebo ruwa, kula da dabbobi, rakiya asibiti. In rasuwa ce, a gaya masa da baki kafin ya ji a titi, a tafi da shi jana'iza, a ba shi wurin zama cikin masu karɓar gaisuwa. Mutum na uku ya riƙa ganinsa kullum a makonni biyun farko, a kuma roƙi magada su bar shi ya kammala turkar ko noman da suka fara, a ba shi rabonsa yadda aka rubuta.